Lambar Irin Albasa

Aliero, Laraba

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Kande. Yaya ƙafarka? Yaya mutanen Gumbin Kure?

Ka tambayi abin da ya hana ni zuwa hutu. Tun bara da jabun iri ya kashe gonakin albasa raina bai kwanta ba. Na roƙi ƙungiyar manoma su bar ni in sa wa kowane ƙunshin iri lamba, in rubuta ta a bulokcen. Wani rajista ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da shi tare, abin da ya shiga ba ya gogewa. Ina magana da shi ta laburare, wato tarin umarnin da wasu masana suka riga suka rubuta.

Kwana tara ke nan yana ƙin karɓar rubutuna, ga lokacin zuba iri ya matso. Shugaban ƙungiya, Malam Waliyyu, ya ba ni zuwa ranar kasuwar Jega. Ina jin tsoro, Baba. A sa ni a addu'a.

Ɗiyarka,
Fadila

Jega, Asabar

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, albishir!

Ashe laifina ne. Laburaren yana so kowane saƙo ya bi layi da lambarsa, ni kuwa ina tura su duka da lamba ɗaya. Layi ɗaya na gyara a cikin umarnin da na rubuta, ƙunshi ɗari huɗu suka shiga ina kallo. Har na yi guɗa a ɗakin kwamfuta.

Jiya a kasuwa wani dattijo, Arzika daga Dangamaji, ya kawo ƙunshin da ake tallata masa. Na buga lambar a waya. Sai ga shi an sayar da ƙunshi mai wannan lambar a Maiyama tun Alhamis. Kwaikwayo ne. Kafin mu juya mai tallar ya sulale, ya bar buhunsa. Nan take mutane suka yi layi har bakin titi, kowa da ƙunshinsa.

Dattijon ya daɗe yana dubana, sannan ya tambaye ni ɗiyar wa ce. Na faɗi sunanka da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

A gaida Inna. Ina tafe Talata.

Ɗiyarka,
Fadila Gado