Kwaɗon da Aka Tono a Ƙofar Baba

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Ruwa yana ta cin ƙofar ɗakin Baba, shi ya sa ƙanena Ashemi ya kawo magini ya haƙa hanyar bututu. Bai kai gwiwa ba shebur ya daki wani abu. Kwaɗo ne na tagulla, bai fi cikin tafin hannu ba, a kulle, babu makulli, da ragowar baƙin zare a wuyansa. Magini ya ce "a'uzubillahi," ya ajiye shebur, wai ba zai ƙara ba sai an yi addu'a.

Ashemi ya ce shi ke nan, ga abin da ya kulle bakin Baba. Shekara biyu ke nan Baba bai yi magana ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce masa hawan jini ne, likita ya faɗa a gabanmu. Ya ce, "Yaya, ke dai bokon nan ya gama da ke."

Ni da nake koya wa yara kimiyya, ga shi na kasa taɓa kwaɗo da hannu. Da leda na ɗauka.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wawan yaron nan, Ashemi, ya kai kwaɗon gaban Baba. Ban taɓa ganin idon Baba haka ba. Ya dinga miƙa hannun nan mai lafiya, yana gurnani, yawu na zuba. Ashemi ya ce kin gani, ya gane abin da aka yi masa. Wani malaminsa ya ce ranar Juma'a a fasa kwaɗon a kan Baba, baki zai buɗe.

Na karɓe kwaɗon na taho da shi gidana a Azuba. Na ce sai na san shekarunsa tukuna. In ya girmi ciwon Baba, ai magana ta mutu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ban san me ke kulle a ciki ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na jiƙa shi a ruwan lemon tsami da gishiri. Ruwan ya koma kore, warin ƙasa ya cika kicin. Na goge da tsohon buroshin haƙori. Gefe ɗaya ya fara ja, ɗayan kuwa laka ta kama shi kamar ƙanzo.

A bayan randa na ɓoye shi. Ban gaya wa maigida ba.

Talata, 13 ga Mayu

Bayan an tashi makaranta na kai wa Terver, mai yanka makulli a bakin kasuwa. Ya jinjina shi a hannu, ya kankare gindinsa da farce.

"Madam, wannan ba na yanzu ba ne. Ji nauyi. Tun ina yaron shago na ga irin shi, daga nan bai zo kuma. Ya wuce shekara talatin, kuma ƙasa ya ci shi da daɗewa."

Ya ɗauko wata 'yar waya, wai minti biyu zai buɗe. Na fizge abina har ya yi mini dariya.

Na sami sauƙi ƙwarai. Na kira Ashemi a kan acaɓa, na ce abin ya girme shi ma, balle ciwon Baba. Ya ce asiri ba ya tsufa, jira yake yi. Har ya aro guduma. Allah ya shirya.

Laraba, 14 ga Mayu

Lakar ta saki. Toka da tsamiya ne suka yi aikin, yadda Mama, Allah ya jiƙanta, take wanke tasoshinta. A bayan kwaɗon an karta lambobi da ƙusa: 14-3-91. Taran nan mai doguwar jela, a rubutun Baba kaɗai nake ganinta.

Ranar haihuwata ce.

Na zauna a ƙasan kicin har shinkafa ta kama.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na je wajen Gwaggo Aminat, yayar Baba, a Shabu. Tana ganinsa ta rufe shi da gefen zaninta, ta ce, "Wa ya tono? An buɗe?" Na ce a'a. Sai ta yi ajiyar zuciya, ta ce in zauna.

Ashe kafin ni Mama ta haifi uku, duk maza, babu wanda ya kai yaye. Ɗaya ko suna bai kai ba. Ni biyu na sani. Ranar da aka haife ni, wata tsohuwa ta ce wa Baba ya sayi sabon kwaɗo, ya kira sunan da zai sa mini, ya kulle, ya binne a ƙofa, ya jefa makullin a rafi. Wai don kar in bi hanyar da suka bi. Baba da ba ya barin jam'i. Gwaggo ta ce ya yi kuka ranar, ya ce Allah ya yafe masa, amma ba zai iya haƙa kabari na huɗu ba.

Na ce, "Gwaggo, ai wannan shirka ce."

Ta ce, "Na sani, 'yata. Amma ga ki nan zaune."

Na tambaye ta me zai faru in an buɗe. Ta ce ta ɗora ruwa a wuta, ta tashi ta shige. Babu hayaƙi a gidan.

A hanyar dawowa kowace tirela ta wuce sai in ƙanƙame rigar mai babur. Shekarata talatin da huɗu, yara biyu, ina jin tsoro kamar jaririya.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na riga Ashemi zuwa gidan Baba. Na durƙusa gaban Baba, na nuna masa lambobin, na ce, "Baba, na sani." Ya kama hannuna, ya danƙe yatsuna a kan kwaɗon, ya tura shi zuwa ƙirjina. Hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya mutu.

Ashemi ya shigo da gudumarsa bayan masallaci. Na ce masa na jefa a rafi. Ya yi ta faɗa, wai na zaɓi bokona na bar Baba cikin kulle, in Baba ya mutu bebe alhakin yana wuyana. Kwaɗon yana cikin jakata duk lokacin.

In na gaya masa gaskiya zai ce labarin tsofaffi ne, ya fasa. Kuma in shi ne mai gaskiya fa? Wannan ce take cina.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ranar Talata zan mayar da Baba asibiti gashin ƙashi. Wannan shi ne magani, ba wani abu ba.

Da hantsi, maigida ya kai yara Islamiyya, na binne kwaɗon a ƙofar ɗakina, gefen da ruwa ba ya bi. Don dai kar Ashemi ya gani ne. Ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba, na yi istigfari kuma.

Na haƙa har gwiwa, na tsaya, sai na ƙara.