Kuka a Lagireto

Tudun Wada, Zariya
9 ga Maris, 1956

Baba,

Gaisuwa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Ina fatan ƙafarka ta yi sauƙi, Inna da Suzana kuma suna lafiya.

Na sami aikina na farko tun da na gama makarantar sana'a. Alhaji Kailani zai buɗe wurin ɓarar gyaɗa a Gyallesu, ya ce in duba masa inji da akori-kura kafin ya saya. Labaran ne mai sayarwa. Motar kuwa ita ce wadda shi Labaran ya ce ka ƙone injinta da sakaci, ya kore ka daga tuƙi a gaban leburori. Na gane lambarta. Shi bai gane ni ba.

Injin gyaɗar ba shi da aibu. Sau biyu na kwance shi ina nema, ban samu ba, kuma haka zan rubuta. Motar sai Litinin. Idan ita ma lafiya take, dole in sa hannu, kamar na shaida maganarsa a kanka. Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Istifanus

13 ga Maris, 1956

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiya Labaran ya so mu zaga unguwa kawai. Na dage a ɗora buhu goma mu hau hanyar Funtuwa, da Alhaji a gaba.

A mil na bakwai ƙanshin miya ya cika motar, har Alhaji ya tambaya ko an taho da tuwo ne. Motar ta ɗau zafi, muka tsaya. Da ta huce na buɗe lagireto, wato ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, sai ga ruwa kore yana yauƙi. Garin kuka aka zuba don ya toshe huji. Na tsiyaye shi a gabansu, na ƙirga huji uku, biyu sun ci tsatsa.

Ba zan rantse a kan shekarun tsatsar ba, ba a koya mana wannan ba. Amma na faɗa da ƙarfi cewa motar da ke yoyo haka za ta ƙone a hannun kowane direba. Sannan na faɗi sunanka.

Labaran ya riƙe hannun rigata, ya kira ni ɗansa. Na janye. Alhaji ya fasa sayen motar, har da injin gyaɗar, ko da yake na maimaita cewa lafiya yake. Ban maimaita sau uku ba, Allah Ya gafarta mini.

Mun dawo a wata babbar mota. Mun bar Labaran yana neman ruwa.

Ka gaida Inna.

Ɗanka mai biyayya,
Istifanus