Furar Gwaggo da Kunyar Balki

Ɗiyata Hadiza,

Ki karanta da kyau, kada gobe ki ce ban gargaɗe ki ba. Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya maigidanki, yaya zafin Agadas? Jikata Amina tana shan nono sosai? Mu nan Tawa lafiya lau, alhamdulillahi.

Gwaggonku ta zo daga Takanamat ganin jaririn yayanki, yana wata huɗu. Ta ɗora shi a cinya ta ɗura masa fura, wai "nono kaɗai ba ya riƙe namiji." Uwarsa Balki tana tsaye, kunyar ɗan fari ta hana ta magana. Zawo ya kama yaron har muka kai shi likita. Allah Ya sa ya warke. Yanzu ya cika wata shida, mun fara ba shi kunun gero mai kauri da garin gujiya, kaɗan-kaɗan, yana ci gaba da nono. Har kumatu ya yi.

Ki gaida surukarki, ki sa mu a addu'a. Ga dokar gidana, ta shafe ki: kafin wata shida nono kaɗai, ko ruwa babu. Duk wadda ta karya, ko ni ce, uwa ta buɗe baki ta hana ta.

Mahaifiyarki