Inna ta ɗauka ciwon ƙoda ne, alhali ƙarfe nake ɗagawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na jefa kaina cikin abin kunya, na rasa ta inda zan fita.

Ni ɗan Gashuwa ne amma a Nguru nake zaune, ina tsaron shagon Kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tun ina yaro siriri ne ni, wuyana dogo, abokai har zalɓe suke ce min, ina dariya amma abin yana cina. To bara sai na gano wani kango a bayan kasuwa inda samari suke ɗaga ƙarfe, ba wani gidan motsa jiki na zamani ba ne, siminti ne aka zuba a gwangwanaye aka soka rodi. Ni ba ƙirji na je nema ba, burina tsokar nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ta taso. Sai in riƙe nauyi a hannu biyu in yi ta ɗaga kafaɗuna sama ina saukewa, ga ƙwai da wake da nake narka. Kawu kuwa a wurinsa duk mai ɗaga ƙarfe ɗan daba ne, shi ya sa na ce masa karatu nake zuwa bayan asuba. Ya ji daɗi, har a gaban abokansa yake yabona.

Naman fa ya taso, tudu biyu kamar an ajiye min curin tuwo a kowane gefe. Ranar da muka je gida da Kawu, ina durƙusawa gaisuwa Inna ta ƙura wa wuyana ido, ta taɓa, sai ta fashe da kuka. Ku 'yan yankinmu kun san yadda kalmar kumburi take a Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya yi yawa. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke Yayana, nasa a ƙafa da fuska ya fara, amma uwa ina ruwanta da wannan bambanci. Ta tambaye ni tun yaushe, ga Kawu zaune yana kallona, sai na ji bakina ya ce "kwana biyu ne Inna, haka kawai na gan shi."

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Ta hana ni komawa Nguru, ta hana ni gishiri, maƙwabta suna ta sintirin dubiya, ni kuma ina kwance a tabarma ina amsa "da sauƙi" da lafiyata garau. Liman ya sa an yi min addu'a a masallaci. Kawu da kansa ya yi faɗa da matarsa, wai ita ce ba ta lura da cimata ba, baiwar Allah har ta bugo waya tana ba ni haƙuri. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Jibi Kawu zai kai ni asibiti gwaji. Wani abokina ya ce in yi shiru, likita zai ce lafiyata lau, naman ma in na daina ɗagawa zai sauka da kansa, sai a ce addu'a ce ta ci. In kuma na faɗi gaskiya, Kawu zai san ba karatu nake zuwa ba, Inna kuma da wace fuska za ta kalli mutanen da suka zo dubiya?

Har na fara karkata ga shawararsa. Amma ɗazu tana shafa min man shanu a wuya, sai ta ce a hankali, "Kar ka ji tsoro ɗan nan, na tambaya, an ce mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya. Na Yayanka ban sani da wuri ba. Wannan karon tawa zan bayar."

Jama'a ya zan yi? In faɗa mata yau, ko in bar ta da wannan tsoron har jibi?