Goron Auren Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, mai goro ta unguwar Tandabawi a Makka.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke an ɗaura auren takwararki, 'yata Ummi. An ɗaura shi ba goro, Inna, a gidanki.

Kin san yadda huhun goro ke zuwa mana: daga gida ya ratso Cadi da Sudan, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ƙanena Sale na biye da shi. Ke kika koya masa ya riƙa kwance shi a hanya, ya tsince mai sankara, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa. Kina cewa, "Goro jariri ne, ba a barinsa ya kwana ba a duba ba."

To, bana ƙasarmu ta fita daga haɗin cinikin da take ciki da maƙwabta, ta ce za ta tsara nata da kanta. Ban ƙi ba, wanda ya kama gidansa shi zai shimfiɗa dokarsa. Sai dai sun soke tsohuwar doka tun ba su rubuta sabuwa ba. A bakin iyaka 'yan kwastan suka rasa harajin da za su yanka, suka buga wa huhun goron bikin hatimi, suka hana a taɓa sai umarni ya zo daga sama.

Sale ya roƙe su. Bai ce a bar shi ya wuce ba, cewa ya yi a bar shi ya buɗe ya yayyafa ruwa kawai. Suka ce hatimin gwamnati ba ya karyewa don ganye.

Ranar ɗaurin aure dabino da gahawa muka raba. Na ji kunya har na kasa fitowa. Ummi kuwa, haihuwar nan, ko a jikinta. "Ma'alesh, ba komai, ya Mama," ta ce, dabino ma albarka ne.

Daga baya dokar ta fito, an ce ma mai sauƙi ce. Huhun ya iso. Na kwance shi a zaurenki, warin kaɗai ya gaya min komai.

Ba asarar ce ta fi cin raina ba, Inna. Shekarun da kika yi a bakin ƙofar nan, ba aure, ba suna, sai an zo wurinki. Bayan namu an yi bukukuwa a Tandabawi da unguwar Nakkasa, duka da dabino aka yi su. Yanzu wani huhun ya iso lafiya, ga sabon goro a farantinki, fari tas, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ganye yadda kike yi. Har yau ba wanda ya zo tambaya.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya ba masu rubuta doka tausayin abin da ke jira a hanya.

'Yarki mai zaune a inda kika bari,
Hauwa