Kada Ki Dawo Don Kofin Baɗi

Zuwa ga Hadil, hasken idona, inuwar darbejiya a tsakar ranar Omdurman, ruwan randa ga wanda ya yini a rana, tauraruwar da ta yi arewa ta bar mana sama wayam.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawan yashin bakin Nilu, ina fatan kina lafiya a can Aswan, ke da Baba Malam Salih da Hajja da ƙannenki. Saƙonki ya iso ni ranar Laraba, da na je bakin kasuwa inda ake samun intanet. Na yi ta sauraron muryarki har wayar ta mutu a hannuna. Abu biyu kika tambaye ni. Na farko, me ya sa ƙanwata Nahla ta daina ɗaukar kiranki. Na biyu, in gaya miki tsakani da Allah ko ki karɓi gurbin da wata jami'a a Turkiyya ta ba ki, ki ƙarasa karatu kina buga musu ƙwallon kwando, ko kuwa ki jira a buɗe kwalejinku ta Khartum ki dawo. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Shi ya sa na ɗauki biro. Wa'il, abokina direba mai zuwa Halfa, garin bakin iyaka, shi zai danƙa takardar ga wanda zai haye da ita.

Ki yi haƙuri in fara da kakar wasanmu, ya ke sanyin zuciyata, domin in ban bi ta can ba ba zan iya isa ga abin da zan faɗa ba.

Kin san ni ba mutumin ƙwallon kwando ba ne. Nahla ce ta matsa mini in riƙa barin layin kasuwar Suk al-Shabi da fasinjojinsa in kai ku wasa da hafilata, ƙaramar bas ɗina ta haya. Ranar farko ko shiga ban yi ba, na zauna wajen mai shayi a bakin ƙofa ina ƙorafin yinin da na yi asara. Sai na ji ihu ya tashi daga ciki kamar rufin zai yaye, na leƙa. A nan na gan ki. Kin ɗaure ɗankwali tamau, ƙwallo na bin tafinki kamar ɗan akuya na bin uwarsa, kika ratsa tsakanin 'yan mata uku kamar iska cikin ganyen dabino, kika tashi sama. Wa ya koya wa barewa tashi? Wa ya ba reshen rumman irin wannan lanƙwasa? Shayina ya huce a waje, ban koma na ɗauka ba.

Kuma ranar an cinye ku. An sake cinye ku a wasa na biyu, na dawo da ku kowa ta juya fuska ga taga. Daga nan ne mai horar da ku, Ustaza Khadiga, ta yi abin da har yau nake yaba mata. Ta ɗauke ki daga gefe ta ba ki jan ragamar wasa, ta dasa Nahla a gindin kwando ta ce kada ta motsa ko da ƙasa za ta tsage. Tun daga ranar kuka zama wasu daban. Ke ki ɗaga ido kamar ba ita kike kallo ba, ƙwallo ya tsinci kansa a hannunta, ita kuma ta miƙa dogon hannun nan ta ajiye shi kamar mai ɗora tulu a kan randa. Kuka yi ta cin wasa har muka manta yadda ake komawa gida shiru. Na koyi dokokin wasan kaf, na koyi yi wa alƙalin wasa tsawa, har abokaina na tasha suka laƙaba mini Kyaftin.

Sai wasan ƙarshe da 'yan Bahri. Har yanzu in na rufe ido ina ganin sa. Sun fi ku tsayi, sun fi ku 'yan canji a benci, kuma Ghada, wadda ta fi kowa iya tsare gida a cikinku, an fitar da ita tun da sauran lokaci, a kan laifin da ni dai ban gani ba. Duk da haka kuka biyo su taku da taku har ya rage maki ɗaya. Ƙwallon ƙarshe a hannunki yake. Kika jefa, ya hau bakin zobe, ya kewaya, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya faɗo waje. Usur ya tashi. Ya Rabbi! Ban taɓa sanin ƙarfe zai iya yi wa mutum rowa haka ba.

A hanyar komawa, muna kan gada, rana na nutsewa a bayan Omdurman, ruwan Nilu ya yi ja kamar an zuba masa zoɓo. Kina zaune a bayana, idonki ya kumbura. Ni ne na fara lissafa miki baɗi don in share miki hawaye. Na ce dogayen nan biyu na Bahri za su gama karatu, ku kuwa ba wadda za ta fita, Ghada za ta ƙara hankali, Nahla za ta gyara jifan fanaretinta. Na ce kofin baɗi naku ne ko da kun shiga fili da silifa. Kika yi dariya cikin kuka. Ganin haka na samu ƙarfin hali, na rage murya na ce bayan Sallah baffannina za su zo wajen Baba. Kika daɗe kina kallon ruwa, sannan kika ce: "Su zo. Amma biki sai bayan kofi."

Hadil, rayuwata, wane baɗi ke nan muka yi ta lissafi? Muna cikin goman ƙarshe na azumi, ranar Asabar da safe, yaƙi ya ɓarke, gari ya kama da wuta. Ba a yi Sallar da baffannina za su sa farar jallabiya ba. Kuka yi arewa ban ko yi miki sallama ba, domin gada ta rufe tsakanina da ke. Hafilar da ta ɗauki waƙoƙinku, masu bindiga sun tare ni sun karɓe ta. Yanzu a takiyyar unguwa nake, inda ake dafa wa jama'a faten waken adas a manyan tukwane, ina faskare ina jido ruwa. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, kakar da na yi miki alkawari ba ta zo ba.

Kin tambayi 'yan ƙungiya. Ustaza Khadiga Allah ya yi mata rasuwa, ciwon ƙodarta ya tashi a lokacin da babu inda za a wanke mata. Ghada, ƙarshen labarinta da na ji tana Madani, daga nan shiru. Sauran sun watse kamar tsabar da aka watsa wa iska, wasu Kassala, wasu Chadi, wasu ban sani ba.

Saura Nahla. Ki zauna kafin ki karanta, don Allah.

Bara da damina ta fita da jarka ɗiban ruwa da hantsi, harsashin igwa ya faɗo a bakin layinmu. Maƙwabta biyu sun rasu nan take. Ita ta rayu, alhamdu lillahi, amma likitoci ba su iya ceto ƙafarta ta hagu ba, sun yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ƙafar da take dogarawa ta tashi sama. Ita ta hana a gaya miki. In wayarta ta yi ƙara ta ga sunanki sai ta kife ta, ta juya ga bango. Ba fushi take yi da ke ba, ya ke abar ƙaunata. Cewa ta yi muryarki tana zuwa mata da ƙarar ƙwallo a kan siminti, kuma ba ta iya jurewa.

Da aka buɗe hanya na haye Khartum da ƙafa, na je kwalejinku, domin in samo abin da zan faɗa miki mai daɗi. Ban samo ba. Allon kwando ɗaya ya ƙone, ɗayan an cire shi har da ƙarfensa. Ƙaya ta fasa simintin ta fito. A gefen fili, inda muke tsayawa muna tafi, mutanen unguwa sun binne 'yan uwansu a kwanakin da ba a iya kaiwa maƙabarta. Na tsaya daidai inda kika yi jifan nan na ƙarshe, na ɗaga kai, babu zobe, sai sama. Na yi wa mamatan addu'a na juyo.

To ga amsar tambayarki, kuma wallahi da a ce ana rubutu da jini da kin ga launinsa. Ki tafi. Kada ki dawo don kofin baɗi, babu kofi, babu baɗi, babu ƙungiya. Ko an buɗe ajujuwa gobe, wa zai share fili yana ganin kaburbura? Wa zai tsaya miki a gindin kwando? Shekarun ɗan wasa gajeru ne kamar furen damina, naki kuma yaƙi ya riga ya ci biyu. Ba zan zama ni ne mai cin sauran ba.

Kada ki zaci da sauƙi na rubuta haka. Zuciyata ta yi ta yi mini gardama kamar mai ciniki a kasuwar Suk al-Arabi. Ta ce in ce miki gari ya fara lafawa, an fara buɗe shaguna, ki dawo mu yi haƙuri tare. Da na faɗa da kin dawo, na sani, kuma sanin hakan ne ya hana ni. Ina kishin mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda za su cika benci suna kiran sunanki da harshen da ban iya ba. Ina tsoron sanyin ƙasarsu ya shiga tsakaninmu. Shamuwa kan tafi ta dawo da damina, amma ita gidanta na nan a kan bishiya yana jiranta. Ke wane gida zan nuna miki? Ni direba ne ba mota, mai goyon baya ba ƙungiya, ango ba ranar biki. Ba kuma zan iya biyo ki ba. Inna ta tsufa, Nahla kuma ni ne ƙafarta.

Saboda haka na sauke miki nauyin maganar da muka yi. Ban janye tawa ba, taki ce na warware. In kin je kika ga rayuwa ta buɗe miki wata ƙofa, ki shiga ba tare da kin waiwayo kina jin kunyata ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada in ji a bakin wani. Ki gaya mini da muryarki, ko da zan saurara sau ɗaya in kasa ƙarasawa.

Jiya da la'asar na kunna wa Nahla saƙonki. Na zaci za ta ce in kashe. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in jawo mata akwatin da ke ƙarƙashin gado. Ta fito da takalmanta na wasa, ta goge su da gefen mayafinta, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure igiyoyinsu wuri guda. Su ne a ƙunshin da Wa'il zai haɗo miki da wannan takarda. Na ce mata ai sun yi miki yawa. Ta ce: "Ta cusa auduga. Ka ce mata na hagun bai gaji ba, ta gajiyar mini da shi." Daga nan ta nemi in ba ta wayar, ta riƙe, ba ta kira ba tukuna. Amma ba ta kife ta ba.

Ki sa su ranar wasanki na farko, ya ke numfashina. Ki sa wani ya ɗauka mana a waya, ko minti ɗaya ne. Zan taka har kasuwa in sauke, in kawo gida, mu zauna ni da ita a kan tabarma mu yi miki tafi, mu biyu, iyakar abin da ya rage na jama'arki ke nan.

Ni kuwa ina nan inda kika bar ni. Ko kin dawo da furfura, ko kin dawo da 'ya'yan wani, ko ba ki dawo ba sam, ba za a ji wani suna a bakina ba sai naki, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa. Allah ya tsare hanyarki, ya sa ƙwallonki ya riƙa faɗawa ciki.

Naki, jiya da yau da abin da ya saura,
Husam Ɗantsoho
Omdurman