Hoton Inna na Sallah

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni nan Dubai alhamdulillahi, aiki a shagon hoto yana tafiya, tarin nan ma ya yi sauƙi.

Hoton Inna na Sallah da kuka ɗauka a situdiyon bakin kasuwar Suleja ya iso, amma tun da na gan shi hankalina bai kwanta ba. Yaya, wannan fa sana'ata ce. Mai hoton ya haska mata fitila ta gaba don kada ramin kumatunta ya yi inuwa. Ya dusashe fuskar har tsagar gefen bakinta ta ɓace, ya ƙara wa fatar ja. Kyau kam ta yi, kamar amarya. Sai dai ya manta da hannunta. Zoben da Baba ya saya mata, wanda ko da sabulu ba ya fita, na gan shi ya koma babban yatsa.

Me kuke ɓoye mini? Kada ki ce ba komai. Hoton da na aiko muku da azumi, ni ma haka na gyara shi.

Don girman Allah, gobe da hantsi ki zaunar da ita a tsakar gida, ki ɗauke ta da wayarki, kada ki gyara komai. Ni ma zan aiko da nawa, yadda nake.

Allah ya ƙara mata lafiya. Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Sadisu